Tarihin Gari a Ƙarƙashin Gadon Iya

A gidajen Gwangwan, kamar sauran garuruwan ƙasar Rogo da Karaye, akwai ɗakin da yara ba sa shiga sai an aike su, wato ɗakin tsohuwar gida. Idan ido ya saba da duhunsa, zai fara cin karo da gadon ƙarfe mai rumfa, an ɗora ƙafafunsa a kan bulo don a sami wurin tura kaya. A ƙarƙashin nan ake samun adudu wanda bakinsa ya fara zarewa, da baƙin akushi da man shanu ya ratsa, da ragowar tasoshin jeren aurenta, da mazari tare da ɗan ƙoƙon da ake murza shi a ciki da guntun alli. Can cikin wani ƙullin tsumma akwai kwabo mai huji, da anini, da 'yan wuri waɗanda ita ma a hannun uwarta ta gan su. Duk shekara idan hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai ta sa a jawo mata kayan, ta kaɗe, ta shanya, ta duba ko gara ta taɓa wani abu, ta mayar da kowanne mazauninsa. Babu wanda ya ɗora mata wannan aiki, babu kuma mai biyanta.

Ɓangaren maza ma haka yake. A saman azarar zaure akan ga kwari da baka da ƙura ta lulluɓe, ko gafakar wani malami da ya daɗe da rasuwa, ko akumarin jakin da aka sayar tun shekarar da babur ya shigo gidan. A akwatin ƙarfen maigida kuwa, ƙarƙashin babbar rigar Sallah, akan tarar da takardun haraji a ninke, kowace da shekararta da hatiminta. An soke haraji da jangali a Jihar Kano a 1979, lokacin da Muhammadu Abubakar Rimi ya hau kujerar gwamna, amma tsoron a tare mutum a hanyar kasuwa a ce ya nuna takarda bai bar zukatan waɗanda suka ga zamanin ba, shi ya sa har yau ba sa yarda a yar da su. Haka ma sule da sisi da taro: tun ranar 1 ga Janairun 1973 naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule, amma da wuya ka rasa 'yan tsabar a gidan dattijo.

Wannan tattali da tsofaffinmu ke yi, shi ne ainihin aikin da ake ɗaukar ma'aikata a biya su albashi su yi a gidajen adana kayan tarihi. Wanda ya je Gidan Makama a birnin Kano, ginin da ake danganta shi da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, zai ga sulke da lifidi da tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da hotunan shigowar Turawa a 1903. Wanda ya je Argungu zai ga Gidan Tarihin Kanta, tsohuwar fada da aka gina a 1831, aka mayar da ita ma'adanar tarihi a 1958. Waɗannan wurare abin alfahari ne, kuma sun cancanci a kai yara su gani. Sai dai labarin da suke bayarwa mafi yawa na sarauta ne da yaƙi da manyan birane. Yadda manomin Gwangwan ya rayu, da irin dawar da yake shukawa, da hanyar da jakunansa ke bi zuwa kasuwa, da wanda ya haƙa rijiyar unguwarsu, duk wannan babu mai ajiye shi sai mutanen garin da kansu.

Na lura da hanyoyi uku da kayan nan ke bi su salwanta, kuma babu wadda ake jin ƙararta. Ta farko rasuwa ce. Bayan sadakar bakwai ko ta arba'in, idan aka zo rabon gado, ana lissafa gona da gida da dabbobi da kuɗi. Adudu da mazari ba su da farashin da za a rubuta, sai a ce wa yara su kwashe tarkacen su kai bayan ɗaki. Littattafan malami akan raba su tsakanin magada, har kundi guda ya rabu gida uku, wani ya sami farkonsa, wani tsakiyarsa, kowa ya tafi da rabonsa don neman albarka, daga nan babu mai iya karanta shi gaba ɗaya.

Ta biyu 'yan jari-bola ne. Sana'arsu halal ce, kuma suna rage wa gari shara, amma sikelinsu nauyi kawai yake aunawa. Tasar tagulla da aka yi jere da ita shekara saba'in da suka wuce, da likkafar dokin kakan wani, da tsohuwar garma ƙirar maƙerin garin, duk kilo ne. Yaro zai ɗauko a ɓoye ya karɓi kuɗin alawa, uwar gida za ta bayar a musanya mata da bahon roba. A wannan yanki na iyakar Kano da Zazzau, inda ake noman rake ana dafa mazarƙwaila, injin matsar rake da doki ke juyawa ya ciyar da gidaje masu yawa. Da injin mai amfani da mai ya shigo, tsofaffin ƙarafan sun zama abin da masu sikeli suka fi so, saboda nauyinsu.

Ta uku gini ne. Duk wanda Allah ya buɗa masa yana so ya rushe ɗakin ƙasa ya tayar da na bulo da kwano, kuma ba mai ganin laifinsa. A ranar rusau ake fito da kaya tsakar gida, a zaɓi abin da zai dace da sabon ɗaki, sauran a bar wa ruwan sama da gara. Wani lokacin ma gari guda ne ke tashi. Da aka kammala madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Karaye a 1992, ruwa ya rufe gonaki da tsofaffin matsugunai, mutane suka koma sababbin wurare da abin da suka iya ɗauka.

Amma tun kafin kayan su ɓace, akwai abin da ke riga su tafiya, wato sanin amfaninsu. Sau da yawa za ka ji jika ya ɗago wani shimfiɗaɗɗen dutse da ɗan sandan ƙarfe yana tambaya:

"Iya, wannan kuma na mene ne? Niƙa ake yi da shi?"

"Kai dai maigidan nan nawa ba ka san komai ba. Magurji ne. A kansa muke gurzar auduga mu fitar da angurya. Sai mu shiɓe ta da baka, mu yi sutu, sannan a zauna kaɗi. Da kuɗin zaren nan na yi wa gwaggonka kayan ɗaki."

A cikin wannan 'yar amsa akwai sana'a sukutum: gurza, shiɓa, kaɗi, sannan zare ya tafi wurin masaƙi a yi wadari, a saƙa, a kai marina, a kai mabuga. Akwai kuma bayanin yadda matar kulle ke samun kuɗin kanta ba tare da ta taka ƙofar gida ba. Ranar da Iya ta kwanta dama, dutsen zai ci gaba da zama a tsakar gida, ana wasa wuƙa a kansa, amma bayanin ya tafi da ita.

Mutanen ƙasar Rogo suna da hujja a kusa da su game da darajar irin wannan hira. Zarewa, wadda yau mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Rogo kamar yadda Gwangwan take, ita ce garin da ƙauyen Karo ke jingine da shi, kuma a Karo aka haifi wata mata mai suna Baba tun kafin Turawa su ci ƙasar Kano. Ba 'yar sarauta ba ce, ba ta yi karatun boko ba. Zuriyarta Barebari ne manoma da malamai, ita kuma ungozoma ce a ƙarshen rayuwarta. Daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, a garin Giwa ta ƙasar Zazzau, wata Baturiya mai suna Mary Smith, matar masanin al'umma M. G. Smith, ta riƙa zama da ita tana rubuta abin da take faɗa da Hausa. Baba ta ba da labarin rinjin gidansu da bayin da ke noma a ciki, da yadda ake gudu a shige ganuwar Zarewa idan mahara sun taso, da yadda ake tara dukiya a fanso wanda aka kama, da aure da saki da ƙawance da bori da goyon 'ya'yan dangi. Ta rasu a 1951, littafin kuma ya fito a Landan a 1954 da sunan Baba of Karo. Har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya idan ana son sanin rayuwar matan Hausa kafin zuwan Turawa da bayansa. A zamaninta akwai ɗaruruwan tsofaffi a Gwangwan da Beli da Fulatan da Zoza waɗanda suka ga abin da ta gani. Abin da ya bambanta ta da su shi ne an sami mai zama kusa da ita da takarda da haƙuri.

Saboda haka nake ganin gari irin Gwangwan zai iya kafa ɗakin tarihinsa da ƙarfin mutanensa, ba sai an jira kasafin kuɗin gwamnati ba. Ɗaki guda ya isa a fara: wani aji da ba a amfani da shi a makarantar firamare, ko zaure a ƙofar gidan dagaci, ko shagon da wani mai hali zai ba da aro. Abin da ake bukata a ɗakin kaɗan ne. Rufin kada ya yi yoyo. Kaya kada su taɓa ƙasa ko su jingina da bango, domin ta nan gara da danshi ke hawa, a yi musu kanta ta ƙarfe ko ta katako mai ƙafafu. Taga ta kasance da raga saboda ɓera da jemage, rana kuma kada ta riƙa dukan tufafi da takardu kai tsaye, don tana cinye launi. Tsohuwar takarda ba a manna mata salatif, ba a kai ta shagon masu hoto a rufe ta da leda mai zafi, domin idan ta manne ba ta sake fita. A shimfiɗa ta tsakanin fararen takardu masu tsabta, a ɗauki hotonta da waya, a ajiye hoton a wuri fiye da ɗaya.

Abin da ya fi ɗakin muhimmanci shi ne littafin rajista. Babban littafi mai bango mai ƙarfi, irin wanda ake rubuta sunayen ɗalibai. Duk abin da ya shigo a ba shi lamba, a rubuta lambar a ɗan kati a ɗaura masa da zare, sannan a cika layinsa a littafi: sunan abin kamar yadda mai shi ya kira shi, gidan da ya fito, wanda ya ƙera ko ya saƙa shi idan an sani, aikin da ake yi da shi, da zamanin da aka daina. Tsofaffi ba sa ƙirga shekara da lamba. Za su ce shekarar fari, ko shekarar da aka canja kuɗi, ko zamanin hakimi wane. A rubuta yadda suka faɗa, daga baya malamin tarihi ya nemo lambar ya ƙara a gefe da fensir. Garma mai layi cikakke a rajista ta fi takobi goma da ba a san masu su ba.

Wurin cika wannan littafi akwai al'adun da dole a yi la'akari da su. Tsohuwa ba za ta faɗi sunan mijinta ba, ko na ɗanta na fari, ko na surukinta, ko da sun shekara talatin a kabari. Za ta ce malam, ko mai gidan nan, ko ta yi shiru ta sunkuyar da kai. Mai rubutu ya nemi sunan a bakin wani, kada ya matsa mata. Namiji baƙo kuma ba ya wuce zaure, alhali rabin kayan tarihin gari yana cikin ɗakunan mata. Don haka kwamitin da babu mata a cikinsa rabin aiki kawai zai yi. Malaman Islamiyya mata da ungozomomi da ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi suna shiga kowane gida, an kuma yarda da su. Waɗanda suka fi kowa iya tatso labari kuwa jikoki ne, saboda wasan da ke tsakaninsu da kakanni ya ɗauke kunya. Abin da uwa ba za ta faɗa wa ɗanta ba, za ta faɗa wa jikarta tana dariya tana kiranta kishiya. Ɗalibar sakandare da wayar yayanta za ta iya naɗar hirar da wani farfesa daga birni ba zai samu ba.

Sai batun amana, wanda a kansa irin wannan aiki ke tsayuwa ko ya rushe. Mutum ba zai saki takobin kakansa ba sai ya san inda zai kwana da wanda ke riƙe da makulli. Tun ranar farko a bambanta abu uku a rubuce: wanda aka bayar kyauta har abada a matsayin waƙafi ga gari, da wanda aka ba da aro zuwa wani lokaci, da wanda aka yarda a ɗauki hotonsa kawai ya koma gida. Kowanne a yi masa takarda biyu, ɗaya ga mai kaya ɗaya ga kwamiti, da sa hannun shaidu, mai unguwa ko liman a ciki. Idan mai aro ya zo karɓar abinsa ranar hawan Sallah ko bikin 'yarsa, a miƙa masa ba tare da ja-in-ja ba. Ganin an mayar wa wane kayansa lafiya shi zai sa maƙwabcinsa ya fito da nasa. Makulli kuma kada ya zauna a aljihun mutum ɗaya, kuma a riƙa ƙirga kaya a gaban jama'a sau ɗaya a shekara.

Da zarar an ji labarin an tara tsofaffin kaya a wuri guda, dillalai za su zo da farashi mai daɗin ji. Ya kamata kwamiti ya san cewa dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana cinikin kayan tarihi sai ta hannun wanda hukumar ta amince da shi, ta kuma hana fitar da su ƙasar waje ba da izini ba. Idan manomi ya tono wani abu a gona, tukunya ko mutum-mutumi ko kufan maƙera, abin da ya dace shi ne a bar shi a inda yake a sanar da hukuma, domin zurfin da aka same shi da abin da ke kewaye da shi su ne ke nuna shekarunsa. Kwalekwalen Dufuna na Jihar Yobe, wanda aka auna aka ga ya kai kimanin shekara 8,000, wani makiyayi ne ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya, kuma saboda ya kai rahoto ne duniya ta san da shi.

Akwai kayan da za su zo da nauyi a zuciya. Wani gida zai fito da mari, ƙarfen da ake sa wa bayi a ƙafa. Wani zai fito da kayan bori ko na tsafin farauta da aka daina tun tuni. A ƙaramin gari kowa ya san asalin kowa, kuma kalma ɗaya a jikin kati za ta iya hana wani aure. Ra'ayina shi ne a karɓi irin waɗannan kaya, a ajiye, a faɗi gaskiyar abin da aka yi da su, domin bauta ta faru a ƙasar nan kuma mutane sun sha wuyarta. Amma kada a rubuta sunan zuriyar kowa a bainar jama'a sai da yardarsu. Game da kayan bori, a shigo da malaman gari cikin shawara tun farko, a fahimci juna cewa ajiye abu don a san yadda aka baro ba girmama shi ba ne. Idan aka tsallake wannan mataki, huɗuba ɗaya ta isa ta rufe ɗakin.

Aikin sa kai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Da gayya ake noman gonar mara lafiya, da ita ake yashe rijiya da gyaran maƙabarta, kuma ƙungiyoyin ci gaban gari sun gina azuzuwa da masallatai da kuɗin karo-karo. Sai dai gayya ta yini ɗaya ce, a ci tuwo a watse, shi kuwa ɗakin tarihi yana son wanda zai zo ya share shi a watan da babu baƙo ko ɗaya. A nan ne ake gajiya. Maganinsa a rage buri: a buɗe sau ɗaya a mako, ranar kasuwa ko bayan sallar Juma'a, a raba kwanakin tsakanin mutum biyar ko shida, malamin makaranta mai ritaya, da tsohon ma'aikacin gona, da matasa biyu, da mata biyu. Kowane babba ya riƙe yaro ɗaya yana koya masa rajista, don kada aikin ya mutu da mutuwar wanda ya fara shi. Kuɗin da za a kashe na fenti ne da kwaɗo da maganin gara, kuma 'yan garin da ke aiki a Kano da Zariya da Kaduna za su iya ɗaukar wannan idan ana karanta musu lissafi duk shekara.

Ribar aikin a wurin yara za a gan ta. Ɗan firamare da ke haddace sunayen sarakunan Kano zai ji daban ranar da aka miƙa masa sungumi aka ce kakan abokinsa ne ya ƙera shi, a maƙerar da ke bayan masallacin unguwarsu. A gayyato tsohon masaƙi ya kafa masaƙarsa a ƙofar ɗakin ya jefa ƙoshiya yara suna kallo, a gayyato tsohuwa ta murza mazari. Masarautar Karaye, wadda aka ɗaga darajarta a 2019, aka kuma sake tsara ta a 2024 ta ƙunshi Karaye da Rogo, za ta bukaci rubutaccen tarihin ƙasarta, kuma ba za a same shi cikakke daga jerin sunayen masu sarauta kaɗai ba. Sai an haɗa da abin da garuruwa irin Gwangwan suka adana game da manomansu da maƙeransu da matansu.

Ba sai an sami ɗaki za a fara ba. Bayan an gama girbi, lokacin da hannu ya sami sarari, duk mai tsoho a gida ya sayi littafin rubutu, ya gaishe shi yadda ya kamata, ya roƙe shi ya fito da abu ɗaya daga cikin ajiyarsa. Ya tambaye shi sunan abin, da wanda ya yi shi, da aikinsa, da dalilin da ya sa aka bar amfani da shi, ya rubuta amsar da kalmomin tsohon, ya sa kwanan wata. Gida ashirin suka yi haka a rani ɗaya, Gwangwan ta sami rajistarta, kuma mutanen da suka cika ta su ne za su je gaban dagaci su ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da muka tara, muna neman wurin ajiye shi."